Ranar da Mai Bincike Ta Zama Kawu Ilu

A ofishin Anti Rabi da ke Fordham Road, inda take tura masu jinya gidajen tsofaffi, baƙo kan rubuta sunansa a wata na'ura a bakin ƙofa, nan take imel ya same ta a ciki cewa wane ya iso. Da hutun makaranta ni ke zama a bakin ƙofar. Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, na buɗe baki na ce saƙon ba ladabi, zan gyara. Ai ni ce 'yar boko.

Na sa sallama, na sa "barka da aiki". Don gwaji, na goge gurbin da sunan baƙo ke shiga da kansa, na rubuta Kawu Ilu, yayan Anti, wanda gaisuwarsa kan kai azahar. Na bi kowane waƙafi na duba, na yaba wa kaina. Sunan kawai na manta ban cire ba.

Washegari mai binciken lasisin ofishin ta zo, ta rubuta sunanta. Anti ta ga imel cewa Kawu Ilu ya iso, ta murza makullin ofishinta, ta bugo min waya cikin raɗa.

"Ki ce masa na fita."

"Anti, ai mace ce."

"Har da matarsa? To, ki ce na tafi Staten Island, can ƙarshen gari!"

Matar ta zauna tana duba agogo har Anti ta gaji ta leƙo. Da ƙyar lasisin ya sha, bayan shayi da ban haƙuri.

Har yau in na shiga, ma'aikatan kan miƙe tsaye: "Kawu ya iso! Ina kwana, Kawu, ya iyali?"