Ranar da Inna Ta Kira Sunana a Bakin Tabki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe tsaye a cikin kwalekwalen Turawa ba, kuma ko na so in manta, danginmu ba za su bari ba.

Bari in fara da Kabiru, don shi ne ciwon. Ɗan ƙanwar Innata ne, na girme shi nesa ba kusa ba, ni ne ma na ɗauko shi daga filin jirgi ranar da ya sauka Ingila yana rawar ɗari cikin 'yar shara. Yanzu injiniya ne a Birmingham, yana zaune a unguwar Perry Barr, ciki a shafe kamar faranti. Ni kuwa akanta ne a unguwar Longsight ta Manchester, da tumbin da yake riga ni shiga ɗaki. Duk wayar da zan yi da Inna a Yawuri sai na ji, "Kabiru ya aiko da magani, Allah ya yi masa albarka." Kabiru kaza, Kabiru kaza. Ni fa? Ni ɗan fari ne. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta yabona, alkunya ce irin ta mutanen da. "Mutumin Manchester" take ce mini, in ta ga dama kuma "wancan." Na san al'ada ce, na sani sarai. Amma mutum ya haura arba'in bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba, ga na wani ana ta rera shi kamar waƙa, wallahi abin yana cina.

To sai ga Kabiru da sabon salo. Wai akwai wata gasar neman taimako a arewacin Ingila, ƙungiya-ƙungiya: a tuƙa kwalekwale a tabki, a hau keke, a ƙarasa da hawan dutse. Shi da abokansa za su shiga don a saya wa masu fito na garinmu rigunan ceto, saboda yawan kifewar jirage a kogi. Abu mai kyau, ko? Ni ban ga kyansa ba. Abin da na gani shi ne saƙon muryar Inna a zauren danginmu na waya, tana sa masa albarka har muryarta na rawa. Kafin la'asar na haɗa ƙungiyar Manchester. (Da kun tambaye ni a lokacin, da na ce don Allah na yi.)

Abokin jirgina shi ne Bitrus, maƙwabcina mutumin Jos, direban bas a Stockport Road. Mutum ne mai hankali, shi ya sa ya ce mini, "Oga, akwai training fa ranar Asabar, kuma free ne. Mu je a nuna mana."

Na ce, "Ni za a koya wa ruwa? Kakana mai fito ne a kogin Kwara, a jinina abin yake."

Abin da ban gaya masa ba shi ne, ina ƙaramin yaro aka kai ni Kano, tun daga nan ruwan da na fi sabawa da shi na bokitin wanka ne. Amma ina tuna kakan nawa, mahaifin Inna, tsaye ƙyam a gindin jirginsa da doguwar gora, mutane na ɗaga masa hannu daga gaɓa. Na ƙudurta a raina cewa ranar gasa Inna za ta ga ubanta a jikina. In ta ga haka, mu gani ko bakinta zai iya yin shiru.

Ranar ta zo. Matata Hadiza ta tsaya a bakin tabki ta kira Inna ta bidiyo, ta ƙure sautin wayar, ga kunnen tsohuwa ya yi nauyi, shi ya sa da ƙarfi take magana. Wata Baturiya mai kula da gasar ta ɗaure mana rigunan ceto, ta ce kowa ya zauna ko ya durƙusa a jirgi, kada wanda ya miƙe. Na yi mata murmushin wanda ya san abin da ba ta sani ba.

Aka busa usur. Jirgin su Kabiru ya zame gaba sumul, namu yana ta juyi wuri guda kamar mai neman alƙibla. Sai na jiyo muryar Inna daga wayar: "Ga Kabiru can! Allah ya ba ka sa'a, Kabiru!"

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe.

"Oga, sit down, don Allah!" in ji Bitrus. "Ba irin na gida ba ne!"

Gaskiyarsa. Jirgin kakana gungumen itace ne, yana ɗaukar buhuna har da jaki. Wannan kuwa roba ce, nauyinsa bai fi na ƙwarya ba. Na ɗaga filafilin tuƙi sama don a gan ni da kyau a waya, na juyo da fuska wajen gaɓa, sai kawai sama ta koma ƙasa.

Sanyin ruwan nan har cikin ƙashi. Na yi ihu, na yi kalmar shahada, na yafe wa duk wanda ya cuce ni (ban da mutum ɗaya). Ina ta watsal-watsal sai na ji an riƙo ni ta ƙeya. Wa zan gani? Kabiru. Ya bar jirginsu ya diro.

Ya ce, a hankali don kada a ji, "Yaya, miƙe. Ruwan iya ƙugu ne."

Na miƙe. Ko cibiya bai kai ba. Ga Bitrus tsaye yana matse hularsa, ga Turawa cike da gaɓa suna ƙoƙarin danne dariya irin tasu ta ladabi, wadda ta fi ta fili zafi. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Amma a cikin wannan kunyar kunnena ya kama wani abu. Wayar Hadiza na ta amsa-kuwwa, Inna ce ke kururuwa, tana kiran suna. Ba na Kabiru ba. Nawa. Sunana na yanka, tana maimaita shi, tana cewa a ceto mata ɗanta. Na tsaya cikin ruwa, haƙora na kaɗawa, hawaye na zubo mini, kowa ya ɗauka sanyi ne.

Sauran ranar ba sai na ja ba. Na tuƙa keke da jiƙaƙƙen wando yana kuka a kan sirdi. A hawan dutse Kabiru ne ya ɗaukar mini jaka, ya bar ƙungiyarsu ta yi ta jiransa, mu kuma muka zo na ƙarshe. Bidiyon faɗuwata ya zaga gari, an ce har yau shi ake nuna wa fasinjan da ya ƙi sa rigar ceto a bakin kogi.

Washegari na kira Inna, ina ta washe baki. Na ce, "Inna, jiya kamar na ji kin ambaci wani suna."

Ta ce, "Ni? Iska ce a wayar." Sai ta ƙara da cewa, "Wancan, kada ka kuma shiga ruwa. Kuma ka yi wa Kabiru godiya, yaron nan ya ceci rai, Allah ya yi masa albarka."

Ban san lokacin da na ce, "Inna, ruwan fa iya ƙugu ne!" ba. Ni da bakina.

Na dai koyi darasi: in ɗan fari na son jin abin da ke zuciyar uwarsa, ba sai ya ci gasa ba, kifewa ma ta isa. Sai dai kafin ya kife, ya waiga ya tabbata Kabiru ba ya kusa.