Kunyar Ɗan Fari da Hayar Gida a Aziziyya

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a Jidda ba, ko da na so in manta, domin waɗanda suka ga abin Allah ya ba su tsawon rai, kuma ba su da rowar labari. Ranar ce jariri ɗan wata goma ya kusa raba ni da gidan haya. Jaririn kuwa nawa ne.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, lokacin da arzikin mai ya sa garin ya fara kumbura. Yau ka wuce fili awaki na kiwo, bayan wata huɗu ka dawo ka tarar da bene hawa uku har an shanya kaya a barandarsa. Duk da haka gidan haya ya fi komai wuya, don mutane kwararowa suke yi daga ko'ina. Ni tela ne a wani lungu na Bab Makka. Daga ƙasar Katsina na zo aikin hajji, na ga ɗinki yana tafiya, sai na yi zamana. Can Allah ya haɗa ni da Zainab, 'yar Hausawan nan haifaffun Jidda waɗanda kakanninsu suka zo a ƙafa. Hausarta rabi Larabci ce, faɗanta kuma duka Larabci ne.

Da aka ɗaura aure ba mu sami gida ba, sai mahaifinta ya ba mu ɗaki a saman rufin gidansa. Duk Bakatsinen da ya karanta wannan ya san irin halin da na shiga. Zama a gidan surukai! Shekara biyu ina fita tun kafin su buɗe ƙofa, ina dawowa da takalmi a hannu. Idan na ji motsin Baba (haka nake kiran surukina) a kan matakala, sai in koma ɗaki in tsaya har ya wuce. Ban taɓa sa loma a bakina a gabansa ba. Shi kuwa bawan Allah, tsohon shugaban leburori ne a tashar jiragen ruwa, mai faɗin ƙirji da faɗin dariya, bai san ma ana wannan abu ba. Ya taɓa tambayar Zainab ko ciwon ciki ne da ni.

Sai aka yi mana haihuwa, namiji, aka sa masa sunan Baba. Kun ga an haɗa mini biyu ke nan: ɗan fari, kuma mai sunan suruki. A garinmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, in an tambaye shi ma sai ya kawar da kai. Mahaifina har ya rasu ban ji sunana a bakinsa ba, kuma ban taɓa shakkar yana sona ba. Haka na yi wa nawa. Ina son yaron nan har cikin raina, in na tarar yana barci nakan tsaya in yi ta kallonsa. Amma da rana yana hannun kakarsa a ƙasa, ni ina shago, ranar Juma'a kuma in an miƙo mini shi sai in tuna ina da aiki a waje. Ina ganin kaina cikakken ɗan mutunci.

Ana cikin haka aka sa ranar auren ƙanen Zainab, kuma ɗakin da muke ciki shi za a ba shi. Babu wanda ya kore mu, amma ɗaki ɗaya ne. In ban sami gida kafin shigowar Muharram ba, lokacin da mutanen Jidda ke sabunta haya da tashi, Zainab da yaro za su koma ɗakin mahaifiyarta, ni kuma in shimfiɗa tabarma a shago. Na zaga unguwar Bagdadiyya gida gida, takalmina ya cinye, ko'ina an riga ni.

Saura kwana tara Baba ya aiko a ce mini in shirya, ya ji labarin wata shaƙƙa, wato sashen haya a cikin bene, a Aziziyya, ɗaki biyu da kicin a hawa na biyu. A lokacin Aziziyya bakin gari ce, ana ta gini, iska na kwasar ƙurar siminti. Mai gidan wani dattijo ne Bahijaze, Ammi Siraj, kuma yana da doka ɗaya: ba ya ba gwauro haya, sai mai iyali. An taɓa cutarsa. Wani ya zo masa da mata da yara na aro har da takarda, bayan mako guda ya tarar da ƙarti tara a ciki suna soya kifi. Tun ranar ya daina duba takarda, ya ce idonsa ya ishe shi.

Ranar Litinin bayan la'asar muka same shi a bakin ƙofa a kan dogon benci. Suka gaisa da Baba, suka zauna. Ni kuwa ta yaya zan zauna a benci ɗaya da surukina? Na tuɓe takalmi na tsuguna a ƙasa, can gefe. Aka kawo shayi a ƙananan kofuna, na karɓa da hannu biyu na ajiye, har ya huce ban kurɓa ba. Ammi Siraj ya ɗauka ni mai yi wa Baba hidima ne, ya tambayi ina mai neman gidan. Baba ya nuna ni.

Larabcina na kasuwa ne amma ina ji sarai, saboda haka ba ni da uzurin cewa ban fahimta ba. Ya tambaye ni ko ina da aure. Wato in ɗaga kai, a gaban uban yarinya, in ce ni ne nake tare da 'yarsa. Na dubi ƙasa na ce ana nan dai. Ya tambaya ko ina da 'ya'ya. Na ce akwai wani a gidan. Ya ce na wa?

Na nuna Baba da gefen hannu na ce, "Nasu ne."

(A garinmu wannan amsa ce da za a yi ta yabonta har a gidan biki.)

Ammi Siraj ya ajiye kofinsa a hankali. Baba ya shiga rantsuwa da Larabci cewa ni mijin 'yarsa ne, shi ya aurar, shi ya yanka ragon suna. Dattijon ya ce bai ƙaryata shi ba, amma na farkon ma da dattijo mai rantsuwa ya zo. In da gaske ne, gobe a kawo matar da yaron ya gani. Ya ƙara da cewa akwai wani malamin makaranta Bamisire da shi ma zai zo goben da iyalinsa.

A mota Baba sai girgiza kai yake yi. Da muka koma gida Zainab ce ta faɗi nata da na Baba, duk da Larabci, kuma na gane fiye da yadda nake so. Da ta huce ta ce in zo ƙasa in ɗauki yaron ya saba da ni kafin gobe. Na leƙa na ga mahaifiyarta zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, na ce a bari sai da safe. Da safe kuma na tuna akwai rigar da na yi alkawarin gamawa.

Talata muka isa, Baba na gaba da jikansa a kafaɗa, Zainab a baya cikin baƙar abaya, ni kuma na bar tazara mai kyau tsakanina da su, kamar wanda hanya kawai ta haɗa mu. Bamisiren ya riga mu. Yana zaune a kan benci, ɗiya ɗaya a cinyarsa, ɗaya ta rataye a wuyansa tana ja masa kunne, yana sumbatarsu yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina wannan mutum ba shi da ta-ido. Ga magina daga ginin da ke kusa sun zo shan ruwa sun tsaya, ga matan gidan suna leƙe ta taga.

Ammi Siraj bai yi wata doguwar magana ba. Ya ce a ba yaron ubansa.

Baba ya juyo ya miƙo mini shi. Hannuna ya taɓa na surukina, wannan ma kaɗai ya isa ya sa ni zufa. Na karɓi yaron na riƙe shi nesa da jikina, yadda nake ɗaga riga in duba ko kafaɗa ta daidaita. Ya dube ni. Na dubi sama. Ya sake dubana da kyau, ya ga bai san wannan mutumin ba, sai ya buɗe baki ya tsala ihun da ban taɓa sanin akwai shi a cikin ɗan ƙirjin nan ba. Yana harbin iska, yana banƙarewa, yana miƙa hannu ga kowa ban da ni. Har ga Bamisiren ya miƙa. Ammi Siraj ya tashi ya karɓe shi, kuma wallahi yana zuwa hannunsa ya yi shiru, ya kama gemun tsohon yana wasa da shi.

Magina suka fara murmushi. Bamisiren ya gyara zama irin na wanda ya riga ya ga makulli a aljihunsa. A nan ne abin ya soke ni, ba maganar gida kaɗai ba: ɗana ya fi sakin jiki da baƙon da ya gani yau a kan ni.

Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗayyib, to shi ke nan. Tambaya ɗaya. Mene ne sunansa?"

Na ce a gida Abba muke ce masa. Ya ce ba na gida yake tambaya ba, na yanka. Na dubi Baba, na dubi ƙasa. Sunan nan yana bakina, shekara biyu ina kewaye shi, ko wani mai kawo ɗinki ne ke da shi sai in ce masa Alhaji.

Zainab ta matso, ta yi magana ƙasa ƙasa da Hausa tsantsa, abin da ba ta cika yi ba. "In ba ka faɗa ba, ka je keken ɗinkinka ya riƙa yi maka tuwo."

Baba ya ce, "Yalla ya waladi, haba ɗana, faɗi. Ni na ce ka faɗa."

Na faɗa, amma ni kaina ban ji ba. Ammi Siraj ya sa hannu a bayan kunne. Na sake, ya girgiza kai. Sai na rufe ido, na tattaro duk abin da ya rage mini, na ɗaga murya fiye da yadda na yi niyya na ce, "Haruna!"

Baba, wanda shekara talatin ana ƙwala masa wannan kira a tashar jirgi, ya amsa ba tare da tunani ba: "Na'am?"

Wurin ya fashe da dariya, har matan taga. Ni kuwa na tsaya ido rufe, na kira sunan surukina gatsal a bainar jama'a, ya kuma amsa mini. Da za a ba ni zaɓi a lokacin, da na koma Katsina a ƙafa ta hanyar da kakanninsa suka biyo.

Da dariya ta lafa, Baba ya share hawaye ya yi wa mai gida bayanin al'adarmu, iyakar abin da shi ma ya tuna daga bakin kakarsa. Ammi Siraj ya saurara yana jijjiga yaron. Ya ce shi dai bai taɓa jin irin wannan ba, amma ya yarda, don wanda ya zo da iyalin aro yakan zo da shiri, ya rungume, ya sumbata, suna na zuba a bakinsa. Babu wanda zai ɗauko ɗan haya ya kuma lalata aikin haka. Ya ba Bamisiren haƙuri, ya ce akwai wata shaƙƙa a ginin ɗan'uwansa, tasa kuwa zai ba wannan miskinin, don ya fi bukatar a sa masa ido. Sharaɗinsa ɗaya: kullum bayan la'asar in sauko da yaron a kafaɗata in zauna a bencin nan, har ranar da zai daina kuka. (Ya ɗauke mu mako uku. Biyun farko ni ma kukan nake a ciki.)

Ya zaro makulli daga aljihu ya miƙo mini, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Mabruk, ya Abu Haruna."

Na manta da wannan. Larabawa in suna girmama mutum, da sunan ɗan farinsa suke kiransa. Shekara goma sha ɗaya muka yi a gidan nan, kuma babu wanda ya taɓa sanin sunana na gaskiya. Mai burodi, mai kawo ruwa, limamin unguwa, yaran maƙwabta daga ƙasan bene, kowa Abu Haruna, safe da yamma. Baba ma ya ɗauka, in ya zo ziyara tun daga bakin titi yake ƙwala shi, yana jin daɗinsa.

Abin da na koya bai da yawa. Kunya abu ne mai kyau, har gobe ina da tawa, amma kafin ka nuna ta ka tabbata akwai wanda ya san sunanta a wurin, in ba haka ba za a ɗauka ko maƙaryaci ne kai ko mai ciwon ciki. Sauran 'ya'yana biyar kuwa, tun ranar suna nake ɗaukarsu, a gaban kowa.