Duwatsun Othman

Wani ne a unguwar Nuzla, ya yi shekara ashirin yana jera kaya a sito a Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda. Bawan Allahn nan ba ya iya ganin abu a warwatse. Ko takalman ƙofar masallaci sai ya jera su, manya gefe, ƙanana gefe, ana idar da salla kowa ya shiga neman nasa.

Sai aka rufe siton. Ga iƙamarsa, takardar izinin zama, saura wata guda, ga shi ba kafili, maigidan da zai tsaya masa. Hankalinsa ya tashi ƙwarai. Aka haɗa shi da Othman, wani haifaffen Jidda mai ɗaukar hoton kufai daga sama da ɗan jirgin nan maras matuƙi.

Othman ya ce, "Ya ammi, baffana, gwajin kwana ɗaya ne. In ka yi mini, halas, shi ke nan, ni ne kafilinka."

Da safe mutumin naka ya fito cikin farar jallabiya, ya sha turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ai hoto aka ce. Suka yi tafiya mai nisa bayan gari, suka tsaya a wani fili, ba komai sai baƙaƙen duwatsu.

Mutumin ya ce, "Mudir, maigida, ina gidan da za mu ɗauka?"

"Kana tsaye a kansa."

Ya ɗaga ƙafa ya duba. Jirgi na tashi, sai ya ruga tsakiyar fili, ya gyara hula, ya ƙame yana murmushi.

"Ya ammi, fita! Yalla, fita!"

"Ka tura wa matata ɗaya dai!"

Othman ya jawo shi, ya nuna masa allon hannunsa. "Duba. Daga ƙasa ba ka ganin komai. Daga sama, ga zobe, ga ƙofa, ga dogon layi. Aikin mutanen zamanin da ne."

Mutumin ya girgiza kai cike da tausayi. "Kuma haka suka tashi suka bar shi?"

Ba a jima ba batir ya mutu. Othman ya laluba jaka, ashe ya baro sauran a gida, can unguwar Aziziyya. Ya ce, "Zauna a inuwar can. Kafin la'asar na dawo."

Mota na ɓacewa, mutumin ya yi dariya. Wa za a yi wa wannan wayon? A tasha kowa ya sani, ranar gwaji duk wanda maigida ya dawo ya tarar a zaune, ta ƙare masa. Ya tuɓe jallabiya, ya ninke, ya tofa yawu a hannu.

Othman ya dawo, bai ko duba fili ba, ya tayar da jirgi. Ya kalli allo. Ya goge shi da hannun riga. Ya sake kallo. Ba zobe, ba ƙofa, ba layi. Sai tsibi uku reras, manya gefe, matsakaita gefe, ƙanana gefe, har da hanya a tsakiya don motar ɗaukar kaya. Ga mutumin a gaba, ya mayar da jallabiya, yana ɗaga wa jirgi hannu.

"Inna lillahi! Me ka yi?"

"Ba sai ka gode ba, mudir. Yanzu hoton zai fita tsaf. Maganar iƙama fa?"

Othman ya ɗora hannu a ka. "Iƙama? Ya ammi, shekara dubu biyu duwatsun nan suna nan, ba wanda ya taɓa ko ɗaya!"

Mutumin ya riƙe baki.

"Shekara dubu biyu ba a samu mai kwashewa ba, ni na gama kafin la'asar, kuma ni kake wa faɗa?"