Hirar Shu'aibu Na-Gefe da Jaruma Najla

Idan Kano na da abin tinƙaho a fagen labaran finafinai, to Shu'aibu ne, wanda ya raɗa wa kansa Aminin Taurari. 'Yan unguwarsu dai Na-Gefe suke ce masa, domin duk hoton da ya ɗora a shafinsa na intanet za ka ga jarumi a tsakiya, shi kuma rabin fuskarsa da kunne ɗaya. A Kaura Goje yake kwana, amma katinsa ya ce ofishinsa na Nassarawa GRA. Ba ƙarya ya yi ba. Akwai wata darbejiya a ƙofar wani otal, a nan yake karɓar baƙi.

Mutum ne mai sauƙin kai, ba ya wahalar da kowa da aiko masa da gayyata. Da ya ji ana taron manema labarai sai ya rataya katin da ya buga wa kansa, ya fesa turare, ya zauna a layin gaba kusa da teburin lemo. In aka ba da damar tambaya kuwa, sai ya miƙe.

"Ni Shu'aibu, wanda masana'antar nan ta girma a tafin hannuna, ba tambaya zan yi ba, haske zan ƙara."

Kafin ya gama haskawa, rabin 'yan jarida sun fita sallar La'asar.

Burinsa ɗaya, a ji shi a rediyo. Hajiya Raliya, mai tsara shirye-shirye a wani gidan rediyo, da ta gaji da sintirinsa, ta ce idan ya kawo muryar Najla, jarumar nan da ba ta son hira, za ta ba shi fili duk Asabar.

"Najla? Ai ƙanwata ce, Hajiya. Ba ta karɓar fim sai ta ji ta bakina."

Ranar ƙaddamar da sabon fim ɗinta ya tare ta a wajen ajiye motoci, ya tsaya tsakaninta da ƙofar mota, ya miƙa waya yana naɗar murya. Yarinya mai kunya, ta kasa cewa ya matsa. Minti ashirin da biyu cur. Direbanta Inuwa ya kunna mota ya kashe har sau uku.

Washegari ya shiga ofishin Hajiya Raliya da sabuwar shadda, ya ajiye wayar a tebur kamar mai ajiye lambar yabo. Ta danna. Muryar Shu'aibu ta fara da tarihin shafinsa, ta bi ta kan ra'ayinsa game da hasken kyamara, ta sauka a kan shawarwarin da yake bai wa daraktoci kyauta. Najla ta ce "to" sau huɗu, "haka ne" sau ɗaya.

Hajiya ta kai hannu za ta kashe, sai aka ji ƙarar ƙofar mota daga cikin wayar, sannan muryar jarumar tangaram, cikakkiyar jimla ta farko:

"Malam Inuwa, wannan ba shi ne mai gyaran lasifika ba?"

Shu'aibu ya gyara zaman hularsa, ya yi murmushi.

"Kin ji ko, Hajiya? Ko bayan mun gama hira, zancena take yi."