Taron Ceto Karatun Sawu

A wani daji da ke tsakanin kogi da duwatsu, karatu ɗaya ne: sanin sawu. Wanda ya iya bambance sawun uwarsa da na mai cin nama, shi ke ganin baɗi. Sai aka wayi gari ƙananan dabbobi ba sa iyawa, har ɗan barewa ya bi sawun damisa yana kiran inna.

Malama Bushiya ce ke koyar da su, ita kaɗai, a kan wani falalen dutse inda ko giwa ta taka ba a ganin alama. Da ta ji majalisa ta kira taron taimakon malamai, sai ta yi sammako, ta kwantar da ƙayarta don ladabi.

A rairayin bakin kogi aka zauna. Toron Giwa, shugaban majalisa, ya buɗe taro: "Jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamai su ne idon daji. Ba za mu runtsa ba sai mun share musu hawaye!" Aka yi tafi. Hankaka, wanda ya taɓa leƙa ƙetaren kogi, ya karɓe: "Matsalar tsohuwar hanya ce. A can, daga sama ake karanta sawu. A koya wa malama tashi."

Rana ta yi tsaka kafin a ba Bushiya dama. Ta ce, "Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tashi dai ya fi ƙarfina. A ba ni wannan rairayin in riƙa zana wa yara sawu suna gani, a haɗa ni da mataimaki, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Toron Giwa ya jinjina kai. "Malama ta yi magana. Sai dai rairayin nan ya shiga tarihi yau. Nan za mu riƙa zama muna tattauna matsalarki. Mataimaki kuwa, za a ba ki wanda ya fi shi: mai sa ido."

Kura ta miƙe, ta ce don kishin yara za ta yi aikin kyauta. Duk ɗalibin da ya kasa, ita za ta ja shi gefe ta yi masa bita.

Bushiya ta buɗe baki, aka ce lokacin cin abinci ya yi. Ta koma dutsenta, ta riƙa ɗebo ƙasa a baki tana zubawa, iska na kwashewa.

Da damina ta zagayo, majalisa ta yi shelar cewa waɗanda ba su iya karatu ba sun ragu ƙwarai, aka shirya bikin yabo. Kura dai ba ta samu zuwa ba. An ce cikinta ne ya ɗan yi nauyi.