Rasuwar Kujerar Shugaban Sashen Ilmin Auduga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da baya mai tsananin ciwo, ni Duktur Abdussalami, shugaban Sashen Ilmin Auduga a kulliyarmu ta noma, nake sanar da malamai da ɗalibai da mutanen ƙauyenmu na kusa da garin Hajj Abdalla rasuwar kujerata mai juyawa, mai ƙafa biyar. Allah ya yi mata cikawa ranar Talata, a gindin bishiyar nim ta ƙofar gidanmu.

Marigayiyar ta yi rayuwa ta biyayya. Duk shugaban kulliya da aka naɗa, kafin in buɗe baki ta riga ta juya ta fuskance shi. Ba ta taɓa sa ƙafa a gonar auduga ba, ni ma ba ta bar ni na sa ba. A kanta na rubuta maƙalata kan tsutsar auduga, wadda mujallu huɗu suka buga da suna huɗu. Idan ɗalibi ya shigo da tambaya, takan ce "ƙiiiƙ", ta juya ni wajen taga har ya gaji ya fita.

Da fitina ta tashi aka rufe jami'a, amalanken jaki ɗaya kawai na samu. Ga kwalayen binciken ɗalibai, ga irin auduga na gwaji, ga marigayiya. Kowane uba ya san wanda zai ɗauka. Tun daga nan take zaune da mu a ƙauye, ina shugabantar sashe ta waya, yayana yana ban ruwa a hawasharmu, gonar da mahaifinmu ya bari.

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar da Duktur Sadisu, mataimakina, ya zo daga Rufa'a wai gaisuwa. Na shiga gida in sa a kawo masa shayi, na fito na tarar da shi a kanta yana juyi, yana murmushi. Na kama hannunta na dama, ya riƙe na hagu. Muka yi muhawara ta ilmi har rawanina ya faɗi. Ta ce "ƙaƙas" sau ɗaya, ba ta sake cewa komai ba.

Ta rasu ta bar ni, da hatimin sashe wanda tawadarsa ta bushe, da kwamitoci tara da ba su taɓa zama ba. Ta kuma bar ɗalibata Ilham, wadda ta sake rubuta kundin digirinta daga farko, take jiran in karanta shi da zarar na samu wurin zama.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar a bakin magudanar ruwa. Gangar jiki kawai za a binne, domin mahaifiyata ta riga ta ɗauke ƙafafun ƙarfen ta ɗora kaskon gasa kisra, gurasarmu, a kai, ta kuma ƙi sauraron ƙorafi. Duktur Sadisu zai iya zuwa, amma a tsaye. Duk malamin da ya halarta za a ba shi shaidar halartar taron ƙasa da ƙasa, ya haɗa cikin takardun neman ƙarin girma.