Harsashin Alhaji Dogara da Ɓerayen Panyu

Duk Hausawan Guangzhou sun yarda ba a taɓa yin masanin harsashi irin Alhaji Dogara Yalwa ba. Shi da kansa ya fara shaida hakan, sauran suka bi. Sana'arsa ta zahiri ita ce sarin wandunan jins a Xintang yana aikawa Kano, amma wannan don cin abinci ne kawai. Ilimi yana wajen bindiga. Gaskiya ne bai taɓa harba ta ba, kuma a ƙasar Sin ko ganinta a hannunka laifi ne. Sai dai a shekarar 2006 ya tsinci wata mujallar mafarautan Amurka a otal, ta masu ɗura wa harsashinsu albarushi da hannunsu don harbin kurege. Ya kalli hotunan sosai. Tun daga ranar ake ce masa Farfesan Albarushi, shi kuma yana amsawa.

A gidan abincin da ke bayan titin Guangyuan yake ba da darasi, ko an tambaya ko ba a tambaya ba.

"Jama'a, sirrin a rashin nauyi yake," in ji shi, yana nuna mu da cokali. "Ka rage wa harsashi nauyi, ka ƙara masa gudu. Kafin kurege ya ji ƙara, an riga an yi masa sadakar uku."

Wata rana Rilwanu, ɗalibin likitanci, ya karɓi mujallar ya karanta. "Ranka ya daɗe, ai nan sun ce gudun yana da iyaka. In ya yi yawa, harsashi mara nauyi tarwatsewa yake a iska, ya zama hayaƙi, bai kai ko'ina ba."

Alhaji ya yi masa murmushin tausayi. "Ɗan nan, Turawa matsorata ne. Inda suka tsaya, nan nake farawa."

Sai Allah ya kawo masa filin gwaji. Ɓeraye suka shiga siton da yake haya a Panyu tare da Hajiya Zalika, mai sarin kayan yara. Kayanta na Sallah ne, duk jarinta yana cikin dilolin nan, kwantena kuma ta kusa tashi.

"Alhaji, mu nemo mage," ta ce.

"Mage? Hajiya, ina raye? In labari ya kai Kano da wane ido zan kalli mutane?"

Da ya je kasuwa neman ko da bindigar wasa mai ƙarfi, kowane mai shago ya kaɗa hannu ya ce meyo, babu. Farfesa bai karaya ba. Ya sa aka yi masa danƙo da robar taya, ya raɗa masa suna Saukar Aradu. Ya fara da tsakuwa, ya fasa gilashin taga, ya ce nauyi ne ya yi yawa. Ya koma maɓallan jins, ya sami Hajiya a idon sawu, ya ce har yanzu da sauran nauyi. Daga nan ya rufe kansa yana bincike, ya fito da harsashin da duniya ba ta taɓa gani ba: ƙuli-ƙuli, wanda wani ɗan Maraɗi ya zo masa da shi tsaraba. Ya mulmula shi ƙanana-ƙanana, ya ninka robar don ƙarin gudu.

Ya tara mu kallo. Ya sa hular kwano da tabarau, ya durƙusa bayan dila, ya ja danƙo har kunne. Ɓera ya leƙo. Alhaji ya saki. Ƙuli-ƙulin bai yi rabin hanya ba ya watse, gari ya zubo kamar yayyafi.

"Kun gani?" ya yi ihu. "Gudun da ido ba ya gani!"

Ɓeran ya matso ya lashe garin, ya koma ya kira danginsa.

Haka aka yi ta yi safe da yamma. Da ƙuli-ƙuli ya ƙare, ya koma gyaɗa, daga gyaɗa zuwa biskit. Ɓeraye suka yi ƙiba, gashinsu ya yi sheƙi. Da sun ji takun Alhaji sai su fito su jeru a bakin ƙofa. In ya makara kuma, su rage yunwa da rigunan Hajiya.

Ranar lodi aka buɗe dilolinta. Rigunan sun zama rariya. Hajiya ta zauna a ƙasa ta dafe kai. Ana cikin haka mai siton, wata tsohuwa 'yar Sin, ta shigo, ta ga Alhaji a durƙushe ɓeraye sun kewaye shi suna jira. Ta yi ta faɗa da yarensu, Rilwanu ya fassara.

"Ranka ya daɗe, ta ce ajiyar kaya ta ba ka haya, ba kiwo ba. Ka kwashe dabbobinka ka bar mata wuri yau."

Alhaji ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya gyara tabarau.

"Jahilci ke nan. Ku je ku bincika, cikin duk harsashin da na harba babu ɗayan da bai ƙare a cikin ɓera ba."

Hajiya ta ɗago da jajayen idanu.

"Gaskiya ne, Alhaji," ta ce. "Ta baki."